Hurumin Jama'a: Wuraren Shan Iska a Manyan Birane da Abin da ke Gaban Mafara da Bakura da Maradun



An nemi in yi magana a kan wuraren shan iska na manyan birane, watau filayen nan masu itatuwa da ciyawa da ruwa waɗanda ake keɓewa a tsakiyar gari domin amfanin kowa da kowa. Na san akwai mai cewa, me ya haɗa malamin Hausa da batun da yake na masu tsara birane ne da ma'aikatan gandun daji? Wani kuma zai ce, ina ruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun da zancen manyan birane, alhali mutum na iya barin tsakiyar kasuwa ya isa gona kafin ya cinye goro guda? Amsar ta farko ita ce, harshe ma'ajiya ne, kuma sau da yawa abin da jama'a suka yar yakan saura a cikin kalmominsu. Amsar ta biyu kuwa, ita ce za ta ɗauke mu har ƙarshen wannan lacca.

Kalmomin da muke da su

Bahaushe yana da kalmomi masu yawa na wurin da ke da kore. Akwai lambu da garka, akwai fadama da dausayi, akwai kurmi da daji, akwai makiyaya da burtali. Amma duk cikinsu babu wadda ta yi daidai da abin da muke magana a kai, shi ya sa gidajen rediyo suke kewayawa su ce “wurin shan iska” ko “wurin shaƙatawa”. In aka ce lambu, abin da ke zuwa a zuciyar Bahaushe shi ne albasa da tumatir da tattasai, da jigo ko injin ban ruwa, da shinge, da mai lambu yana tsaye yana korar awaki. Lambu wurin aiki ne, kuma yana da mai shi. Kurmi da daji kuwa wuraren tsoro ne, sai maharbi da mai saran itace da makiyayi.

Ita kanta kalmar “shan iska” ba ta rasa zargi ba. Dattijon da ya ga saurayi majiyi ƙarfi yana yawo cikin itatuwa da rana tsaka, ba gatari ba kwari, ba zai ce ya fito motsa jini ba. Ko dai ya ɗauka yaron ya haɗu da mutanen ɓoye, tun da an san tsamiya da kuka gidajen iskoki ne a camfinmu, ko kuma ya haɗa shi da wata kalma mai kama da wannan wadda ba sai na faɗa a gaban iyayenmu ba.

To, wannan bai nuna cewa Bahaushe bai san daɗin itace ba. Kalmarsa ta wannan fanni ita ce inuwa. A inuwa ake majalisa, a inuwa almajirai ke karatu, nan wanzami ke aski, nan maƙeri da dukawa da masu ɗinkin hula ke sana'a, kuma da wuya a sami ƙofar fada ta dā wadda ba ta da durumi ko ceɗiya. Har ma muka ɗauki kalmar muka ba ta ma'anar kariya da jiɓintar al'amari, muka ce wane yana ƙarƙashin inuwar wane, muka kira babban mutum gamji. Abin da Bature ya tara a wuri ɗaya ya kewaye da shingen ƙarfe, mu mun warwatsa shi ne unguwa-unguwa, kowace ƙofa da itacenta.

Abin da baƙo ke gani

Wanda ya fara zuwa Landan daga ƙasarmu, ba dogayen gine-gine ne ke fara ba shi mamaki ba, don ya riga ya gan su a hoto. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne ya tarar da fili fetal a wurin da ƙasa ta fi tsada a duk Ingila. Filin da ake kira Hyde Park kaɗai ya kai hekta 142, watau eka 350. Yana manne da lambunan Kensington, kuma daga can mutum na iya bi ta Green Park ya faɗa St James's Park, ya yi tafiyar kusan awa guda a kan ciyawa da ƙarƙashin itatuwa, bai taka kwalta ba sai wajen tsallake titi. Ba a biyan ko kwabo a ƙofa. A shekarun da na yi ina karatu a ƙasar, na sha ganin mai shara da babban ma'aikacin banki a kan benci ɗaya, kowa na cin abincinsa na rana, babu mai tambayar wani. Ranar Juma'a kuma, in an sauko daga babban masallacin da ke gefen Regent's Park, wanda aka gama ginawa a 1977, sai ka ga Larabawa da 'yan Pakistan da mutanenmu sun bazu a bakin ruwa, yara na jefa wa agwagi gutsuren burodi.

Baƙo yakan tsaya a nan, ya ce Turawa sun iya tsara gari, ya ɗauki hoto ya dawo gida. Tambayar da ba ya yi ita ce, ƙasar wa ce wannan kafin ta zama ta kowa, kuma yaya aka yi ta tsira daga magina?

Hyde Park ƙasar wani gidan ibada ce na Westminster. Sarki Henry na 8 ya karɓe ta a 1536 ya mai da ita dajin farautarsa, kuma sai a 1637 aka buɗe wa talakawa. Tafkin da ke ciki ma ba na Allah da Annabi ba ne, wani rafi aka datse a 1730. Watau filin ya tsira ne domin yana hannun wanda ya fi ƙarfin 'yan kasuwa, kuma an kama shi tun yana bayan gari, sannan birnin ya zo ya kewaye shi. A gabashin Landan kuwa, inda talakawa ke cunkushe, babu irin wannan gado. Sai da mace-mace suka yi yawa saboda cunkoso da ƙazanta, mutum kimanin 30,000 suka sa hannu a takardar koke ga Sarauniya Biktoriya a 1840, sannan aka sayi ƙasa aka buɗe Victoria Park a 1845. Ku lura, hujjar da suka kafa ta lafiya ce. Ba su roƙi furanni ba.

Labarin birnin Niyok na Amurka ya fi wannan ɗaci. Filin Central Park, mai hekta 341, hukuma ce ta karɓi ƙasarsa da ƙarfin doka, kuma ya zuwa 1857 an tayar da mutum kimanin 1,600. A cikinsu akwai wata unguwa mai suna Seneca, wadda aka kafa a 1825, mai mutum kimanin 225, yawancinsu baƙaƙen fata masu mallakar filayensu, da majami'u uku da makaranta. Jaridun lokacin sun kira su 'yan kama-wuri-zauna, aka rushe unguwar, aka shuka ciyawa a kanta, aka manta da ita sama da shekara ɗari. Miliyoyin mutanen da ke ziyartar wurin a kowace shekara, kaɗan ne suka san a kan gidajen wasu suke shimfiɗa tabarma.

Akwai kuma biranen da suka makara, suka koma neman fili a juji. Lambun Azhar na Alƙahira, mai hekta 30, wanda aka buɗe a 2005 da kuɗin gidauniyar Aga Khan, a kan tudun sharar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zubawa aka yi shi, kuma garin kwashe sharar aka tono ganuwar zamanin Ayyubawa. A Nairobi kuwa, filin Uhuru da aka buɗe a 1969 ya kusa tafiya a 1989, lokacin da aka shirya gina bene mai hawa 60 a cikinsa. Wata malamar jami'a, Wangari Maathai, ita ta tsaya kai da fata, ta sha zagi da tsangwama, har aka fasa. Fili a tsakiyar birni kamar nama ne a gaban kuraye, kullum sai an yi gadinsa.

Kano ta taɓa samun abin da Landan ke taƙama da shi

Kada mu ɗauka wannan hikima baƙuwa ce. Baturen nan Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya shiga Kano a 1824, ya kuma ba da labarin cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Barth, watau Abdulkarim, ya tarar da haka a 1851, lokacin da ya ƙiyasta mutanen birnin da kimanin 30,000. Waɗanda suka ja badala sun ja ta da faɗi ne da gangan, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a sami wurin noma da kiwo da wurin saukar mutanen ƙauye. Dalilin yaƙi ne, amma amfaninsa ya wuce yaƙi. Birnin yana da Dala da Goron Dutse, yana da Jakara, yana da kududdufai da ke shanye ruwan damina, kuma a cikin Gidan Rumfa akwai Sheka mai itatuwa.

Ina shaidar wannan a yau? Tana cikin sunaye. Babbar kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15 sunanta Kurmi. Akwai Ɗorayi, jam'in ɗorawa, akwai Giginyu, akwai Kurna, akwai Durumin Iya. A Sakkwato akwai Gawon Nama, akwai Giginya. Ɗalibin da ya ɗauki taswirar kowane birni namu ya karanta sunayen unguwanni, zai ga kamar jerin itatuwa yake karantawa. In kuma ya tafi neman itatuwan da ƙafa, sau da yawa shago zai tarar ko gidan mai.

Kano ta yi ƙoƙari a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya kafa Gidan Zu a farkon shekarun 1970, kuma har yau ranar Salla sai ka ga yara da mata sun yi dafifi a ƙofarsa, abin da ke nuna irin ƙishirwar da jama'a ke da ita. Kaduna na da lambun Gamji a bakin kogi, inda aka kafa tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Abuja na da Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003. Amma a cikin birnin Kano an cike kududdufai da dama an yi gini a kai, an ci badala a wurare da yawa, ruwan da dā yake da masauki yanzu ɗakunan mutane yake shiga. Filin Idi kansa sai da aka kewaye shi da kantuna, aka zo aka rushe su a 2023, magana ta kai kotu. Ba ina nan don in yanke hukunci tsakanin wanda ya gina da wanda ya rushe ba. Abin lura shi ne, asarar da aka yi ta kowane ɓangare ta samo asali ne daga rashin iyaka tabbatacciya wadda kowa ya sani, kowa kuma yake jin nauyin ƙetarewa.

Hurumi

Wannan ya kawo mu ga kalmar da na ajiye. Kalmar ita ce hurumi, ko hurmi a bakin mutanen wannan yanki. Daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da haram da harami, kuma ma'anarta ita ce ƙasar da aka hana wa mutum ɗaya domin a bar wa jama'a. A fiƙihun Malikiyya kowace rijiya tana da huruminta, kowane kogi da nasa, gari ma yana da nasa, watau iyakar inda mutanensa ke zuwa itace da kiwo su dawo a yini guda. Babu mai ikon kama wannan ƙasa ya ce tasa ce. Akwai kuma abin da malamai ke kira hima, ƙasar da shugaba ke keɓewa saboda maslaha, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Saboda haka a wannan ƙasa tamu maganar ba sabuwa ba ce.

A ganina, wurin shan iska na babban birni ba kome ba ne illa hurumi da aka yi wa ado. Benci da fitila da furanni duk ana iya sawa a shekara guda in an sami kuɗi. Abin da ba ya samuwa in ya kuɓuce shi ne ƙasar. Hurumin dā yana da masu tsaronsa, watau mai unguwa da dagaci da hakimi da liman, da kuma kunyar idon jama'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mai da ikon ƙasa hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon rabon ƙasar karkara. Tun daga nan, filin da ba shi da takarda ya zama tamkar marar uba, duk da kowa ya san na gari ne. Makiyaya da burtali su suka fara tafiya, kuma mutanen Zamfara ba sa bukatar wani ya gaya musu abin da wannan ya taimaka wajen haifarwa.

Darasin Bakolori

Yanzu sai mu dawo gida. Babu wurin da ya fi wannan yanki sanin abin da ake nufi da hukuma ta karɓi ƙasa “domin amfanin jama'a”. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, mai tafkin da ya mamaye hekta 8,000, yake kuma ɗaukar ruwa mita miliyan 450 na awon cikin tafki. Aka tsara ban ruwa ga hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, kusan kashi biyu cikin uku da injin yayyafi, sauran da magudanai.

A takarda, aikin kore ne tsantsa. Ga ruwa, ga shinkafa da alkama da rani tsaka. Amma dubban mutane aka tayar daga ƙauyukan da tafkin ya cinye a ƙasar Maradun, aka mai da su tudu, inda ƙasar ba ta kama ƙafar fadamarsu ba. A yankin ban ruwa kuma, sai da aka baje ƙasa da katafila kafin a ja magudanai, manoma suka yi damina bayan damina ba su noma gonakinsu ba, aka kuma tumɓuke itatuwa. Ina so mu tsaya a kan wannan, don shi ne ya shafi batunmu. Gonar Bahaushe ta gargajiya ba fili ba ce tsirara. Gero da dawa da wake suna girma ne a tsakanin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da gawo. Shi gawo ma, Allah ya yi shi da wata dabi'a ta ban mamaki, yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma tofo da rani ya ba dabba inuwa da abinci. A al'adarmu itace na iya zama na wani, gonar da yake ciki ta wani, a gāji ɗorawa kamar yadda ake gadon ɗaki. Daddawa da man kaɗe da miyar kuka kuwa, dukiyar mata ce. Injiniyan da ya dubi wannan gona ya ga abubuwan da ke tare wa tarakta hanya ne kawai. Mai gonar kuwa, kakanninsa ya gani.

Da biyan diyya ya yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike kuwa suka ce sun haura 380. Allah ya jiƙansu da rahama. Mutanen da ke ƙasan madatsar su ma sun ɗanɗana, don ambaliyar da ke ciyar da fadamunsu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Daga baya injinan yayyafin suka lalace, har sai da aka nemi rancen Bankin Duniya a 2014 domin gyaran wannan aiki da irinsa. Ga mutanen da aka tayar, Bakolori ta zame musu inuwar giginya, na nesa ka sha.

Na kawo wannan ne don kada wani ya fita daga nan ya ce malami ya ce a ƙwace gonakin mutane a yi wurin shaƙatawa. Abin da aka yi wa mutanen Seneca da abin da aka yi wa mutanen Birnin Tudu, girmansu ya bambanta ƙwarai, amma tunaninsu ɗaya ne, watau mai taswira ya ga ƙasa bai ga mutum ba. Filin da aka kafa a kan zalunci, jikokin waɗanda aka zalunta ba za su tsare shi ba, kuma ba su da laifi.

Me ya sa yanzu?

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Talata Mafara mutum kimanin 215,000, Maradun kimanin 210,000, Bakura kimanin 187,000. Tun daga lokacin an haifi wani zubi guda na mutane har sun yi aure. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ma'aikatu da makarantu suka ƙaru. Mafara na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2018, Bakura na da kwalejin aikin gona. Daɗin daɗawa, rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin garuruwa, kowa na neman inda zai kafa ɗaki. Kalmar daji ma ta sake ma'ana a bakinmu. In aka ambaci Sububu yau, ba itatuwa ne ke zuwa a zuciya ba. Yaron da aka haifa a Maradun cikin shekaru goman nan yana iya girma bai taɓa zuwa tsinkar kanya ko ɗinya a bayan gari ba, don iyayensa ba za su bar shi ba. In babu itatuwa a cikin gari inda ido ke kaiwa, to ba zai san su ba sam sai a littafin makaranta.

Gonar da ke bakin gari yau, fuloti ce gobe. Da zarar an yanka an sayar, ba mai iya dawo da ita sai da kuɗin da ƙaramar hukuma ba ta da shi, ko da ƙarfin da muka riga muka ga ƙarshensa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Alherin da waɗannan garuruwa uku ke da shi a kan Kano da Alƙahira shi ne har yanzu suna da ƙasar da ba ta kowa ba. Akwai gaɓar tafkin Bakolori da gefen manyan magudanai, waɗanda tuni suke hannun hukuma. Akwai filayen idi da maƙabartu, da kududdufai, da ragowar burtali, da harabar makarantun da na ambata. Abin da ake bukata da farko ba gini ba ne. A auna su, a kafa musu duwatsun iyaka, a rubuta su da sunan gari a matsayin waƙafi, da sa hannun Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun da ƙananan hukumomi, a kuma karanta iyakokin a masallatan Juma'a don kowa ya zama shaida. Inda ake bukatar ƙari daga gonar wani, a saya da yardarsa, a biya shi kafin a taɓa, har da kuɗin itatuwansa.

Sai kuma a kiyayi kwaikwayo. Ruwan da ke sauka a nan cikin wata huɗu ya kai ko ya fi wanda ke sauka a Landan a shekara, amma nasu yayyafi ne da ke bazuwa wata goma sha biyu. Duk wanda ya ce sai ya yi shimfiɗaɗɗiyar ciyawa irin tasu a Bakura cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura awo 40, zai ƙare da fako da bashin mai. Abin da ya dace da mu shi ne irin gonar kakanninmu, manyan itatuwa a warwatse, ƙarƙashinsu a share, mutum na hango na nesa. Wannan ya fi inuwa, kuma ba ya ba mugu maɓoya. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, ta yi mana rana tun da aka shigo da ita daga Indiya a zamanin Turawa, don tana da saurin girma kuma akuya ba ta cika damunta ba, amma bai kamata ta zama ita kaɗai ba. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, shi ya sa ba a ganinta a bikin dashen itatuwa, inda ake son abin da zai fito a hoto. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna wata hanya tun daga shekarun 1980, wadda suke kira sassabin zamani. Maimakon dasa sabon tsiro, sai a bar kututturen da ke tofowa da kansa, a rage masa rassa, a tsare shi. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa a kan hekta kimanin miliyan biyar a kudancin Nijar, ba tare da rijiyar burtsatse ko motar ban ruwa ba.

Akwai tambayar da maza suka saba tsallakewa, ita ce ta mata. Inuwar ƙofar gida ta maza ce, majalisa ta maza ce, dandali na yara ne da 'yan mata. Matar aure a cikin gari, in gidan ya zama na haya mai tsakar gida kamar tafin hannu, ba ta da inda za ta zauna a ƙarƙashin itace ita da 'ya'yanta. Duk hurumin da za a keɓe, ya kamata a yi masa sashe mai katanga da ƙofa da mata masu tsaro, kuma 'ya'yan itatuwan da ke ciki su zama haƙƙin matan unguwa kamar yadda suke a dā. Wanda ke cin amfanin itace shi ke hana a sare shi.

Mu kuma na sashen Hausa akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Wannan ƙasa ce da ta ba mu Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, kuma mun yi ƙoƙari wajen tattara waƙoƙinsu, ko da yake ban san sau nawa muka lura cewa Faru, garin da ake kiran Sa'idu da shi, sunan itace ne ba. Abin da ba mu tattara ba shi ne sunayen wurare. Har yanzu akwai dattawa a Mafara da Bakura da Maradun waɗanda suka san inda hurumin gari ya tsaya kafin zuwan katafila, suka san wace kuka ce iyaka, wace tsamiya ce ake sauke amarya, wane burtali ne ke kai shanu gulbi. Yawancinsu sun haura saba'in. Ina ba da shawara ga Shugaban Sashe cewa ɗaliban ajin ƙarshe na bana, musamman 'yan waɗannan garuruwa, a raba musu unguwanni, kowa ya zauna da dattawan unguwarsa ya ɗauki maganarsu, ya rubuta sunan kowane fili da kowane tsohon itace da inda yake, a haɗa kundin a miƙa kwafi ga fadoji uku da ofishin safiyo kafin damina ta faɗi.